Ƙofar Tamanin a Gidan Alhaji Mutari

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai buɗe abin da ya rufu.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai da tsakar rana, bayan daminar da ta gaza mana, lokacin da mutanen karkara suka koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci suna ci, a cikinta na yi aikin da zan ba ku labari. Ina ba ku shi ne don jiya wani daga cikinku masu koyon sana'ar nan, mai ɗamammen wando, ya dube ni ya ce aikin rezo, wato haɗa na'urori da intanet, ba sana'a ba ce, danne-danne ne kawai, wai duk abin da ya gagare shi wayarsa za ta gaya masa. Wanda bai taɓa hawa falwaya da azumi a bakinsa ba, me za ka ce masa?

Ni da allo na fara, kamar kowa. Ajami nake rubutawa, har yau da shi nake sa wa kabul suna, in manna farar takarda in rubuta na ina ne, abin da ke ba ku dariya. Ku kuwa ba ku rubuta komai da kowane baƙi, sai in abu ya lalace ku tsaya kuna jan wayoyi kamar mai tsefe kai. Bayan allo mahaifina ya kai ni wurin Malam Brah mai gyaran rediyo a unguwar Zango. Na daɗe a wurinsa ban taɓa cikin rediyo ba. Gawayi nake hurawa ƙarfen dalma ya yi zafi, in miƙa masa, in ya huce in karɓa. In na tambaye shi abu sai ya ce, "Idonka ciwo yake?" Daga can na shiga masu jan wayar talho, muna bin unguwa da tsani a kafaɗa. Da gidajen siber suka buɗe a Damagaram, inda mutane ke biya su zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, sai aka riƙa kiranmu mu ja musu kabul. A nan na koyi sauran, da kallo da jin kunya, da Faransancin da na tsinta a bakin aiki.

Kayana ba su da yawa. Pins na matse kan kabul, turnabis na kwance kusoshi babba da ƙarami, ɗan testa mai fitilu na gwada kabul, da wata tsohuwar ordinata ta hannu wadda batirinta ya mutu, in wuta ta ɗauke tana mutuwa tare da gari.

Bari in gaya muku ainihin abin, don mafi yawanku sunansa kuka haddace. Akwatin nan da ake kira ruta, zaure ne. Duniya ba ta san ɗakunan gidanka ba, bakin gida kaɗai ta sani. Kai na ciki in ka yi aike waje, amsa za ta same ka, don mai zaman zaure ya ga fitar saƙonka. Amma baƙon da ya zo ya yi sallama ba wanda ya aika a kira shi, mai zaure zai bar shi tsaye har ya gaji ya tafi. Sai fa in an gaya masa tun farko cewa duk wanda ya yi sallama da lamba kaza, a kai shi ɗaki kaza. Lambar nan ita muke kira ƙofa. Ƙofar shafin da mutane ke buɗewa su kalla, lambarta tamanin. Iyakar karatun ke nan, ana gama shi kafin shayi ya tafasa. Aikin kuwa, ku saurara.

Wata safiya cikin bazara wani dattijo mai jan rini a tafin hannu ya zo shagona bisa babur ɗin kabu-kabu. Ya ce sunansa Kanta, mutumin Gaffati, shi ne babban ma'aikacin Alhaji Mutari mai dukanci a Birni. Ya ce Alhaji na kirana.

Alhaji Mutari na da dukawa a hannunsa, yawanci 'yan Gaffati da Hamdara, suna ɗinka jaka da alabe da titimi, matashin zama, na jar fata. A da Turawa masu yawo ke saye. Shekarar nan suka daina zuwa. Fata ta yi araha don dabba na mutuwa, amma wa zai sayi jaka bai sayi gero ba? Ma'aikatan kuma iyalansu sun biyo su daga ƙauye. Alhaji ya ɗora musu tukunya guda a gidansa, ana tuƙa tuwo da rana, kowa ya ci ya kai wa nasa saura. Tukunyar nan ita ce maganar. Alhaji ya riga ya gaya musu in ba a sami ciniki ba kafin wata ya mutu, zai sauke ta, kowa ya kama gabansa.

Cinikin da ake jira ɗaya ne. Ɗan ƙanensa Lawali, mai karatu a Faransa, ya samo wata mata mai kanti a can da ke son kaya da yawa, amma ta ce sai ta ga kowane iri, ita da abokan cinikinta, su zaɓa. Na san za ku ce me ya hana a tura mata hotunan ta waya. Wace wayar? Ta lokacin ko fuskar mutum ba ta ɗauka. Ta wasiƙar intanet kuma hoto ya yi nauyi, ana turawa yana dawowa. Shi ya sa Lawali, da ya zo hutu, ya mai da ordinatar gidan ta zama mai riƙe da shafin intanet, hotuna na zaune cikinta, duk mai so ya buɗe daga ko'ina. Ya tafi yana aiki. Bayan tafiyarsa ordinata ta kamu da cuta, aka wanke ta, ya sa aka sake ɗora komai yana faɗa ta talho. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin shafin daga waje.

Na iske ruta a zaure, inda wayar talho ta ƙare, da wata ordinata ta lissafi kusa da ita. Na ga kabul ya bi ta huda a bango ya shige ciki.

Na ce, "Alhaji, ina mai hotunan?"

Ya ce, "Tana ɗakin Hajiya."

"To a yi mini iso."

Ya dube ni daga hula zuwa takalmi. "Malam Habu, tun da aka gina gidan nan baƙon namiji bai wuce ƙofar can ba. Lawali ɗa ne. Kai me ne ne?"

Na ce a fito da ita zaure. Ya ce ordinatar da ta taɓa mutuwa ba za a sake ɗaga ta ba, Lawali ya hana. Ban yi musu ba, don nawa gidan ma haka yake. Aka shimfiɗa mini tabarma kusa da ƙofar ciki, Hajiya Falmata ta zo ta tsaya bayan asabari. Mutanen gidan Ya Falmata suke ce mata, don asalinsu Barno ne. Ta yi lakwal, makarantar boko, kaɗan tana ƙarama, tana sayar da turare da atamfa daga ɗaki, ita ke ɗaukar hotunan tana zubawa. Muka gaisa.

Ta ce, "Malam, ni a wajena yana aiki fa. In na danna wurin da Lawali ya nuna mini, jakunkuna na fitowa."

Na ce, "Na yarda, Hajiya. Ke kina cikin ɗaki ne."

Na haɗa tawa ordinatar da ruta na shiga. Laifin farko bai ɓuya ba. Ruta na ba kowace ordinata adireshin cikin gida, kuma wadda ta riga tashi ita ke ɗaukar na farko. Wutarmu kun san halinta, balle da zafi. Duk ɗaukewa da dawowa, in ta lissafi ta riga ta Hajiya farkawa, sai ta ɗauke mata adireshi, mai zaure ya riƙa kai baƙi ɗakin da ba kowa. Na ɗaure wa ta Hajiya adireshi guda, ba ya sauyawa.

Na naɗe kayana na ce zan je in gwada. Alhaji ya ce, "Gwada a nan mana."

Na ce ba a gwadawa daga ciki. Irin wannan ruta in kana cikin gida ka kira adireshin waje ba ta amsa maka, ko komai daidai yake. Dole ka fita ka zama baƙo. Wannan ku da yawa ba ku sani ba har yau, shi ya sa kuke lalata abin da ke lafiya. Na hau babur na ratsa gari zuwa siber ɗin wani abokina a Sabon Gari, rana na dukan ƙeya, mata jere da jarka a bakin famfon da ba ruwa. Na isa, wuta ta ɗauke. Na zauna. Da ta dawo na buga adireshin, sai ga shafi ya buɗe, amma ba jaka ko ɗaya. Ruta ce da kanta ke tambayata kalmar sirri. Ta zauna a kan ƙofar tamanin ta hana kowa wucewa, kamar mai gadin da aka ce ya kai baƙo ciki ya tsare shi da nasa labarin. Na koma Birni na kore ta daga ƙofar.

Na sake ratsa gari. Wannan karon adireshin waje ne ya sauya kafin in isa, don kamfanin talho ba ya ba gida adireshi na dindindin. Washegari na yi wa gidan suna wanda ke bin adireshi duk inda ya koma. Wannan ma ya zauna. Na buga sunan a siber, aka yi shiru, aka ce ba a sami kowa ba.

A nan aikin ya tsaya mini a wuya. Daga zaure in na taɓa ordinatar Hajiya tana amsawa cewa tana nan da rai. In na yi sallama a ƙofar tamanin, shiru.

Na ce, "Hajiya, buɗe wurin da aka rubuta lambar ƙofa. Nawa ne a ciki?"

Na ji takunta ta tafi, ta dawo. "Tamanin."

"Kin tabbata?"

"Malam, ni na rubuta da hannuna, Lawali na faɗa mini. Tamanin."

To mace ce mai hankali, ba ta taɓa gaya mini abu na same shi ba haka ba. Na sa ta kashe mai gadin cikin ordinata, wanda ke tare baƙi. Shiru. Na sa ta cire maganin cuta. Shiru. Na matse sabon kan kabul, na tura ta huda ta sa. Na ari wata ruta na gwada. Har biron kamfanin talho, wato ofishinsu, na je na tambaya ko sun rufe tamanin daga wajensu, suka duba suka ce a buɗe take, kuma gaskiya suka faɗa. Kowane gwaji sai na ratsa gari na dawo, man babur daga aljihuna.

Duk ranar da azahar ta same ni a gidan, Kanta na kawo mini kwano daga tukunyar ma'aikata. Ban so ba, amma mayar da abinci a gidan mutum cin fuska ne. Na lura malmalar na ƙanƙancewa. Na kuma ga biyu daga cikin 'yan Hamdara sun ɗaure kayansu a buhu sun jingine a bango, wai in ta tabbata za su bi mota zuwa Kano.

Ranar Laraba Lawali ya kira. Alhaji ya sa talho a kunne yana "to, to," fuskarsa na sauyawa. Matar ta ce Juma'a za ta rufe, in ba ta ga kaya ba za ta saya a wata ƙasa. Ya ajiye talho. Lokacin kuwa ma'aikata na zaune a zaure da kwanoni, ni ma nawa na gabana.

Ya ce, "Malam Habu, tuwon ya yi daɗi?"

Na ɗaga kai.

"Na ce ya yi daɗi? Don na ga shi ne aikin da ka iya. Ka zo da azahar, ka ci, ka hau babur wai gwaji. Gwajin da ba a yi sai a bayan idona. An ce mini kai malami ne, ashe macuci aka kawo mini, mai cin rabon masu yunwa."

Kanta ya sunkuyar da kai. A shekara irin wannan, a ce ka ci rabon mai yunwa, gara a ce ka yi sata. Na rufe kwanon na tura gefe. Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji. Gobe zan dawo." Ya ce in na ga dama.

Da na fita Kanta ya biyo ni har bakin babur. Ya ce, "Malam, ka dawo, ba don shi ba. Ni 'ya'yan ƙanena ma suna wajena, daga tukunyar nan suke ci."

Na ce na ji.

Da safe bayan na idar da wuridina na zauna ina bin aikin a kaina daga bakin gida har ɗaki. Kowane wuri na gani da idona, sai wuri guda da aka karanta mini. Sai na tuna malaminmu na allo. In yaro ya zuba karatu kamar ruwa, malam ba ya yarda, don ya san da ka yake yi, idonsa ba ya kan allo. Sai ya ce, bar karantawa, kira mini baƙaƙen ɗaya-ɗaya.

Na je Birni tun kafin ma'aikata su zare wuƙaƙe. Na yi sallama a bakin asabari.

"Hajiya, ki gafarce ni, ki koma wurin lambar nan."

"Malam, sau nawa zan gaya maka?"

"Kada ki karanta mini. Abin da idonki ya gani, ki faɗa ɗaya-ɗaya daga hagu."

Ta tafi ta dawo, da 'yar gajiya a muryarta. "Huɗu. Da sifiri. Da wani sifirin."

Sai ta ƙara da cewa, "Tamanin ke nan mana."

Na yi salati. Kun san yadda muke ƙirgen kuɗi a ƙasar nan, da dala, kowace dala tamma biyar, wato sefa biyar. In mai turare ta ce tamanin, dala tamanin take nufi, a takarda kuwa ɗari huɗu ake rubutawa. Matar da ta yi shekaru tana ciniki, an ce mata da Hausa ta talho "rubuta tamanin," hannunta ya rubuta abin da ya saba. In ta karanta kuma bakinta ya mayar da shi tamanin. Ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Mai zaure na kai baƙi ƙofar tamanin, mai hotuna kuwa na zaune a ƙofar ɗari huɗu tana jira. Ku je ku tambayi wayoyinku ko sun san wannan.

Ban sa ta taɓa komai ba, don kada a gyara wuri a ɓata wani. Daga zaure na gaya wa ruta cewa duk wanda ya yi sallama da tamanin daga waje, a kai shi ɗari huɗu a ciki. Na hau babur. A siber na buga sunan gidan. Hoto ya fara saukowa daga sama a hankali, maratayi tukuna, sannan baki, sannan jar fata da ɗinkin kore. Na yi wa Lawali bip, wayarsa ta yi ƙara na kashe, ya kira, yana ihu wai ga shi a gabansa.

Na koma na iske zaure cike, labari ya riga ni ta bakin Lawali. Alhaji bai ce sannu ba. Ya ce, "To, me ne ne ya lalace? Wa ya ɓata?"

Na ce, "An gyara, Alhaji. A bar shi haka."

"Ba za a bar shi ba. Ko kai ka ɗaure shi don ka kwance?"

Na ƙudurta ba zan kira sunan matar mutum a gaban ma'aikatansa ba. Sai ga murya daga bayan asabari, da ƙarfi, irin wadda ban taɓa ji daga gare ta ba.

"Ni ce, Alhaji. An ce in rubuta tamanin, na rubuta ɗari huɗu. Malam ba shi da laifi."

Alhaji ya juya ga ƙofar. "Ke? Ke da kika yi lakwal? Tamanin ma sai an koya miki? Kin kusa sauke mini tukunya a kan lambar da ɗan aji ɗaya ya sani?"

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Kanta."

"Na'am, Ya Falmata."

"Miƙa wa Alhaji abin lissafinsa. Alhaji, buga mana tamanin mu gani."

Ya fizge shi daga hannun Kanta, ya danna ba tare da ya duba ba, ya ɗaga shi sama don kowa ya shaida. "Ga ta nan!"

Huɗu ce da sifiri biyu.

Wani ɗan Hamdara ya fara dariya, ya toshe baki da hula. Kanta ya juya ga bango kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya sauko da abin ya dube shi, ya daɗe yana dubawa, ya sa a aljihu, ya sa takalmi ya fita.

Matar ta zaɓi kayanta kafin Juma'a, ta turo na kafin alƙalami. Ba ciniki ne na arziki ba, amma ya isa a sayi gero a ci gaba da ɗinki har ruwa ya sauka. 'Yan Hamdara suka kwance buhunansu. An aiko mini da ladan aikina ta hannun Kanta, na karɓa, na ce shi ke nan, ba ni da sauran abin yi a Birni.

Bayan 'yan kwanaki Kanta ya sake zuwa, ya ce Alhaji na nemana da azahar. Na ce me ya lalace kuma? Ya ce ba abin da ya lalace. Na so in ƙi, ya ce ba zai koma ba sai da ni.

Na iske su zaune kamar ranar, kowa da kwanonsa, ba wanda ya sa hannu. Alhaji na tsaye a tsakiya. Ya ce wa Kanta ya duba ko akwai wanda yake nan ranar Laraba da ba ya nan yau. Aka ce saura ɗaya, ya je alwala. Aka jira shi.

Sannan Alhaji ya ce, "A nan na faɗi magana, kuna ji. Na ce wa bawan Allahn nan macuci, na ce ya ci rabonku. Ƙarya na yi masa. Ku ne shaida a can, ku ne shaida a nan." Ya juyo gare ni. "Malam Habu, ka yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Alhaji. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ya zauna a tabarmata, ya ja kwano guda ya ajiye tsakaninmu, ya buɗe.

Ya ce, "To sa hannu, Malam. Yana hucewa."